Gargaɗi ga iyaye: kada a bar asibiti ba a san abin da ya cinye jinin ba

Jama'a, a saurara. Wannan magana ta shafi duk gidan da ke da ƙaramin yaro, ko mace mai juna biyu, ko saurayi da budurwar da ake shirin sa musu rana.

Kullum a asibitocinmu abu guda ake maimaitawa. A kawo yaro ranga-ranga, tafin hannunsa fari fat, yana numfashi sama-sama. Likita ya ja fatar idonsa ya duba, ya rubuta takarda, a ɗebi jini. Jim kaɗan a ce wa uban, "Jininsa ya yi ƙasa, a nemo leda ɗaya." Uba ya bazama, a samo, a ƙara wa yaro, ya farfaɗo, a yi hamdala a koma gida. 'Yan dubiya su tambayi me ya same shi, a ce jininsa ne ya ƙare. Shi ke nan an rufe zance. Bayan wata uku ko huɗu a sake ɗauko shi a wannan hali, wani lokacin ma ba a kaiwa asibitin.

Tambaya guda ce ta faɗi a tsakani: me ya cinye jinin? Idan uwar gida ta ga ruwan randa ya yi ƙasa, ta san ɗayan uku ne: ko ba a zuba ba, ko randar na yoyo, ko wani na kwashewa. Haka jini yake. Ko jiki ya kasa ƙera shi, ko yana zuba ta wata kafa, ko wani abu na farfasa shi a ciki. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wannan yana iya zama guba ga wancan. Mu kuwa duk mun haɗa su a kalma ɗaya, muna bin su da magani ɗaya: kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis, da lemon malt da madarar gwangwani. Shi ya sa nake roƙon kowane uba da kowace uwa su riƙe 'yan kalmomin da ke tafe. Ba su da yawa, amma da su ake gane abin da likita ke faɗa, da su kuma ake yi masa tambaya.

Babban mutum na ɗauke da jini kimanin lita biyar. Idan aka zuba jini a siririyar kwalba aka juya ta da inji a ɗakin gwaji, sai ya rabu. Sama ruwa ne mai launin rawaya, ana ce masa filasma. Ƙasa kuma jan abu ya kwanta, su ne jajayen ƙwayoyin jini. A tsakani akwai wani siririn layi fari-fari, nan fararen ƙwayoyi suke tare da wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira filatilet. Ƙwayoyin nan dukkansu a cikin ɓargo ake ƙera su. Jajayen su ke dakon iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa kowane lungu na jiki, kuma abin da ke riƙe iskar a cikinsu shi ne himogulobin, wanda ake rubutawa Hb. Kowace jar ƙwaya na yin kwana 120 kafin ta tsufa a maye gurbinta. Fararen su ne dakarun da ke yaƙar cuta. Filatilet kuwa su ke rugawa su toshe bakin rauni don jini ya tsaya.

PCV da kuke ji ana ambata, ba wani abu ba ne illa wannan jan da ya kwanta a ƙasan kwalbar: kashi nawa ne cikin ɗari. Namiji lafiyayye na kaiwa 40 ko fiye, mace kuma daga wajen 36. Hb kan zama kusan sulusin wannan adadi. Mai ciki idan Hb ɗinta ya gaza 11, tana da ƙarancin jini. Yaron da PCV ɗinsa ya sauka ƙasa da 15 yana bakin haɗari, domin zuciyarsa na gudu fiye da ƙima don ta zagaya da ɗan abin da ya rage, kuma tana iya gajiya ta tsaya. Ku tambayi wannan lamba duk ranar da aka yi gwaji, ku sa a rubuta muku, ku adana takardar. Haƙƙinku ne.

Babban mai farfasa jinin yaranmu zazzaɓin cizon sauro ne. Ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyi take shiga, ta hayayyafa, ta fasa su ta fito ta shiga wasu. Shi ya sa daga tsakiyar damina zuwa kaka sassan yara a asibitoci ke cika da masu neman jini. Yaron da ya kwana biyu da zazzaɓi, leɓensa da tafin hannunsa suka yi fari, ba malt yake buƙata ba, gwaji da magani yake buƙata a yau. Malt da madara sukari ne da ɗan maiƙo, ba sa mayar da jinin da ya fashe. Kuma maganin kariya da ma'aikata ke bi gida-gida suna raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, a ba yaro shi cikakke, kada a karɓa a ajiye a kan taga.

Akwai masu yoyo a ɓoye. Yaron da ke wanka a kududdufi ko bakin dam yana fitsarin jini, tsargiya ce, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana maƙalewa a hanji tana tsotsa. Magidancin da ke haɗiyar magungunan ciwon jiki kullum bayan aiki yana iya tsaga cikinsa, bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, wannan ma jini ne. Sai kuma wanda jikinsa ya rasa kayan aiki, wato sinadarin ƙarfe, musamman macen da ke haihuwa a kai a kai, ko mai yawan jinin al'ada. Ita ce maganin ƙarin jini ke yi wa amfani da gaske, tare da hanta da nama da kifi da wake da ganyen zogale. A kuma raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana hanji tsotsar ƙarfen.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki alƙalami: sikila, wadda ake kira amosanin jini.

Lafiyayyar jar ƙwaya kewayayya ce mai laushi, tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi gashi siranta. A jikin mai sikila, himogulobin ɗin wani iri ne da ake kira S. Da zarar iska ta yi masa ƙaranci sai ya sandare, ƙwayar ta tanƙware kamar lauje. Daga kalmar Turanci mai nufin lauje sunan ya fito, tun bayan da wani likita a Shikago, James Herrick, ya bayyana irin waɗannan ƙwayoyi a 1910 a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. Ƙwayar da ta zama lauje ba ta wuce kwana goma zuwa ashirin take mutuwa, don haka kullum jini a ƙasa yake, ido kuma rawaya. Sannan tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. Duk inda jini bai isa ba, nan raɗaɗi ke tashi, irin raɗaɗin da ke sa ƙaton saurayi birgima a ƙasa yana kiran uwarsa.

Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Gado ne daga ɓangare biyu. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji S guda ɗaya yana da kariya daga mummunan zazzaɓin sauro. Shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro irin namu: masu ɗauke da shi sun fi tsira a yarinta, suka girma suka haifa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambata shi ne ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai ya faru a ƙasarmu ta Hausa. A shekarun 1970 an yi wani babban binciken zazzaɓin sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Da aka gwada jinin mutane, sai aka tarar jarirai kusan biyu cikin ɗari SS ne, amma a cikin yaran da suka tasa da manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Rasuwa suka yi tun suna ƙanana, ba tare da an taɓa sanin sunan ciwonsu ba. Duk lokacin da na ji an ce wance tana wabi, tana haihuwa suna komawa, wannan bincike nake tunawa. Ba kowane wabi ne sikila ba, amma wallahi matar da ta binne biyu ko uku ta cancanci a gwada jininta da na mijinta kafin a kai ta wajen mai magani.

Ga lissafin da ya wajaba kowa ya haddace. Kowane mutum harafi biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, shi ake kira jinotaif. AA ba ya ɗauke da komai. AS yana ɗauke da gadon amma lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dako, bai san yana da shi ba. SS shi ne mai ciwon. Akwai kuma harafin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma SC ma sikila ce, don haka auren AS da AC ma bai tsira ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. A lura da kyau, kowane ciki na ce. Mutane da yawa sun ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, har wasu na cewa sai na huɗun, don haka za su tsaya a uku. Wannan kuskure ne mai tsada. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Ana samun gidan da 'ya'yan fari uku a jere duk SS ne. Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu, tunda kaka ɗaya aka gada.

Wani ruɗanin da ke halaka mutane shi ne haɗa jinotaif da rukunin jini. Ka tambayi saurayi jinotaif ɗinsa, ya ce maka, "Ni O ne, ina ba kowa." Wannan rukunin jini ne, A ko B ko AB ko O, wanda Karl Landsteiner ya gano a Biyana a 1901, amfaninsa kuma sanin jinin da za a ƙara maka. Ba ruwansa da sikila. Mai O yana iya zama AS, yana iya zama SS. Takarda biyu ce daban, a nemi kowacce.

A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da jinotaif. Mataki ne mai kyau, amma doka ba ta shiga zuciya. Idan aka bari sai an kai lefe, an buga kati, an ɗinka anko, sannan aka je gwaji, to an makara, domin a lokacin ne ake neman wanda zai rubuta AA a kan takardar da ba ta AA ba. Wanda ya sayi irin wannan takarda, da wanda ya sayar, su sani wani yaro ne zai biya da ƙashinsa shekara da shekaru. A gwada yara tun suna makaranta, kowa ya san harafinsa kafin ya san soyayya. A yi gwajin sau biyu a wurare biyu amintattu, saboda ana samun kuskure. Kada a yi shi cikin wata uku bayan ƙarin jini, don jinin wani zai ɓad da sakamakon. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura: gwajin Emel da aka saba yi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambance AS da SS, sai an yi na elektiroforesis. Malamai masu ɗaura aure da waliyyai, ku ne ƙofar ƙarshe. Ku karɓi takardar da hannunku, ku dubi inda aka yi ta.

Wanda kuma Allah ya riga ya ba shi ɗa mai sikila, kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya ɓoye. Zamanin Garki ya wuce ga duk yaron da aka gano da wuri. Jariri kan fito lafiya, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi na wasu watanni. Daga wajen wata shida sai a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yana tsala kuka in an taɓa. Wannan ita ce sallamar farko, a kai shi gwaji. Akwai asibitocin da ke da ranar masu sikila, a Yamai kuma akwai cibiya ta ƙasa musamman don wannan ciwo. Abin da ake ba su ba ɓoyayye ba ne: penisilin kullum har shekara biyar saboda saifarsu ba ta iya tare ƙwayoyin cuta, cikakkiyar allurar rigakafi, folik asid, maganin kariya daga zazzaɓin sauro, da gidan sauro. Akwai kuma haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon, amma sai da likita da gwajin jini a kai a kai. Kimanin yaro ɗaya cikin goma masu SS na gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara ashirin idan ba a yi komai ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana kiran gwajin TCD, ana yi daga shekara biyu zuwa sha shida. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala ya taimaka wajen nuna cewa haidiroksiyuriya na kare yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Ku tambayi wannan gwaji da sunansa.

Ruwa, ruwa, ruwa. Ƙishirwa da sanyi da gajiya mai tsanani su ke tayar da ciwon. Da hunturu a rufe musu jiki, a yi musu wanka da ruwan ɗumi, kada ruwan sama ya dake su. Maganar azumi a yi ta da likita da malami tare, kada kunya ta sa yaro ya kai kansa gadon asibiti.

Kada a kwana da mai sikila a gida idan jikinsa ya yi zafi, ko da ɗan kaɗan ne a ganinku. Haka idan ƙirji na ciwo numfashi na wuya. Haka idan cikin yaro ya kumbura ta hagu farat ɗaya ya yi fari ya yi laushi, domin saifa ce ta haɗiye jininsa, kuma sa'o'i kaɗan sun isa. Haka idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe. Samari kuma, na san abin da nauyi, amma miƙewar gaba mai raɗaɗi ba tare da sha'awa ba idan ta kai awa biyu, a tafi asibiti, domin jinkiri na kashe gaban har abada. Kada a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya a kan saifa ko gaɓar da ke ciwo, jinin da ma bai isa ba. Kada a ɗura masa maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai likita ya ce, domin ba ƙarfe ya rasa ba, kuma wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfen taruwa yake a hanta da zuciya. Allurar fentazosin da wasu ke saya suna yi wa kansu tana jawo jaraba da gyambon da ba ya warkewa, ta sandarar da tsoka. Duk kuma wanda ya ce yana da sassaƙe ko jiƙon da ke mayar da SS ya koma AA, kuɗinku yake so. Abin da ke warkar da sikila shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai kuma gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu.

Masu jego da kakanni, ga taku. Jariri na kwance a ɗaki mai duhu, a naɗe cikin zannuwa, ba a fito da shi sai ranar suna. A cikin kwanakin nan bakwai ne shawara ke yin ɓarnarta. Idan jajayen ƙwayoyi suka fashe suna sakin wani rawayan abu, bilirubin. Idan ya yi yawa ya haye ƙwaƙwalwa, yaro na iya rasuwa, ko ya tashi kurma, ko jikinsa ya shanye bai taɓa zama ba. Kowace safiya a kai jariri bakin ƙofa inda haske yake, a danna goshinsa ko hancinsa da yatsa, a dubi farin idonsa. Rawaya a ranar farko, ko rawayan da ya sauko ciki da ƙafafu, ko jaririn da ya ƙi kama nono yana kuka mai tsini yana banƙarewa, asibiti ne nan take. Ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe da shanya shi a hantsi ba sa isa. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa su a ƙarƙashinta, in ya yi tsanani a sauya jinin.

Abu biyu ke yawan jawo wannan. Na farko ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD da ke kare jajayen ƙwayoyi, gado ne da ya yawaita a tsakanin 'ya'ya maza a yankinmu. Mai shi lafiya lau yake har sai ya haɗu da abin da ke fasa masa jini, ciki har da kafur ɗin da ake sawa a akwatin kayan jariri, da lalle a fatar jariri, da wasu magunguna. A raba kayan jariri da kafur gaba ɗaya. Babba ma idan ya sha magani ya ga fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ya dakata ya nufi asibiti da kwalin maganin a hannu. Na biyu shi ne alamar da ke gaban rukunin jini, fozitif ko negetif, wato Rhesus. Idan uwa negetif ce, jariri kuma ya gaji fozitif daga uba, jikinta na iya ɗaukar jinin ɗan a matsayin baƙo ya haɗa masa makami. Ɗan fari kan tsira, na bayansa su ke shan wahala: ɓari, ko haihuwar gawa, ko shawara mai tsanani. Allura ɗaya mai suna anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana hana wannan. Duk mai ciki ta tambaya a wajen awo, "Ni fozitif ce ko negetif?"

Kafin a kira wanzami ko a kai yaro kaciya, a tambayi dangin uwa. Shin akwai kawu ko wa da jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya, ko cire haƙori, ko ɗan yanka? Akwai ciwon da ake kira himofiliya, jini ba ya daskarewa saboda rashin wani sinadari a cikin filasma. Mata ke ɗauke da shi, maza yake kamawa. Yaron da gwiwarsa ke kumbura ba tare da wani babban faɗuwa ba, ko jikinsa ke yin tabo baƙi-baƙi daga ɗan bugu, a gwada shi kafin a sa masa aska, kuma kada a ba shi asfirin. Cire belu da tsagar jarirai ma sun sha zubar da jinin da ƙaramin jiki ba zai iya mayarwa ba, balle jaririn da aka haifa a gida bai samu allurar bitamin K ba.

Idan kuma an yi ta maganin maleriya da taifot wata da watanni, zazzaɓi na dawowa, jini na sauka, dasashi na zubar da jini, ga ƙulli a wuya ko hammata, ga ciwon ƙashi, a daina sauya kemis. A nemi cikakkiyar ƙidayar jini, wadda ake rubutawa FBC. Ita ke nuna adadin farare, da ya kamata su kasance tsakanin 4,000 da 11,000, da filatilet, da ya kamata su kai 150,000 zuwa 450,000. Wani lokaci ɓargo ne ya cika da gurɓatattun fararen ƙwayoyi suka hana sauran fitowa, ita ce sankarar jini. Tana kama yara ma, kuma ana samun sauƙinta idan an kama ta da wuri.

Magidanta, saura ku. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta da rarar da za ta zubar. Jinin da ya kai cikin ledar fiya-wata guda bayan haihuwa, wato rabin lita, ya wuce ƙa'ida. Idan zane na jiƙewa ana sauyawa, tana ganin jiri, jikinta ya yi sanyi, ba lokacin jiran gari ya waye ba ne, kuma ba jinin biƙi ba ne da za a ce bari ya fita. Mace na iya tafiya cikin awa biyu. Ka bar ta ta je awo, ka tabbatar tana shan ƙwayoyin da aka ba ta, ta haihu inda akwai allurar tsayar da jini. Tun ciki na wata bakwai ka san rukunin jininta, ka yi magana da mutum biyu cikin 'yan'uwa ko abokai da za su iya ba ta, ka ajiye lambobinsu da ta mai mota. Kada ka dogara da masu sayar da jininsu a bakin asibiti, kuma kada ka yarda a ɗaura ledar da ba a tantance ta daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere ba, komai gaggawa. Abin da ake ɗiba a jikin mai bayarwa bai cika ledar fiya-wata ba, ruwan na dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Namiji lafiyayye da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Ka je a auna ka a wannan makon, tun kafin a buga maka waya da tsakar dare.